Horon Lauya Mai Yawo Da Ƙara Kotu-Kotu

Ran Litinin 23 ga Agusta, 2021, Babbar Kotun Jihar Ribas ta ba da oda cewa Uche Secondus ya dakata, kada ya ƙara kiran kansa Shugaban Jam'iyyar PDP na ƙasa sai an gama sauraron ƙarar da aka kai shi. Ran Alhamis 26 ga wata sai ga wata oda daga Babbar Kotun Jihar Kebbi, can Birnin Kebbi, ta ce ya koma bisa kujerarsa. Gari na wayewa, ran Jumma'a 27 ga wata, Babbar Kotun Jihar Kuros Riba da ke Kalaba ta ce a'a, kada ya koma. Watau cikin kwana biyar mutum guda ya sauka, ya hau, ya kuma sauka, duk da sunan shari'a.

Kotunan nan uku kuwa darajarsu ɗaya. Babu wadda ta ke bisa wata, balle ta warware abin da 'yar'uwarta ta ƙulla. Wanda ya bi odar Birnin Kebbi ya saɓa wa ta Ribas, wanda ya bi ta Ribas kuma ya raina ta Birnin Kebbi. To, ina ɗan sanda zai sa kansa in an ce masa ya je ya tabbatar da umurnin kotu?

Da abin ya faru jama'a suka yi ca a kan alƙalai, ba kuwa a ga laifin jama'a ba. Amma akwai wani wanda ba a cika ambatonsa ba. Alƙali ba ya fita kasuwa neman ƙara, yana zaune a ke kawo masa. Wanda ya rubuta takardun, ya sa hannu, ya kai wa magatakarda, sa'an nan ya sa baƙar riga da hular gashi ya miƙe gaban kotu ya roƙi oda, shi ne lauya. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Maganar lauyan za mu yi yau, da irin horon da doka ta tanada masa, da dalilin da ya sa horon bai hana wannan ɗabi'a ba tukuna.

Mene Ne Yawo Da Ƙara?

Abin da mu ke nufi da yawo da ƙara shi ne mutum ya ɗauki magana guda ya yi ta tallanta kotu-kotu, yana neman inda za a yanke masa yadda ya ke so. Iri uku ne aka fi gani. Akwai wanda zai shigar da ƙara ɗaya a kotu biyu ko uku a lokaci guda, ya zuba ido, wadda ta fara ba shi gaskiya ya riƙe ta, ya watsar da sauran. Akwai wanda aka riga aka kayar, maimakon ya ɗaukaka ƙara yadda doka ta ce, sai ya sauya sunan mai ƙara, ya juya kalmomi, ya kai wa wani alƙali kamar sabuwar magana. Na uku shi ne wanda zai tsallake kotun garin da rigima ta tashi, ya nufi wata uwa duniya inda abokin shari'arsa ba zai ji labari da wuri ba.

Misalin na ukun nan ya auku cikin shekarar 2021 ɗin dai. Jam'iyyar APGA ta rabu a kan wanda zai shugabance ta, da wanda za ta tsayar takarar Gwamnan Jihar Anambara. Sai aka ji Babbar Kotun Jihar Jigawa mai zama a Birnin Kudu ta yanke hukunci a kan shugabancin jam'iyyar cikin watan Yuni. Bisa ga wannan hukunci Hukumar Zaɓe ta buga sunayen 'yan takara cikin Yuli babu sunan Charles Soludo. Sai cikin Agusta Kotun Ɗaukaka Ƙara mai zama a Kano ta soke hukuncin Birnin Kudu, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da sokewar cikin Oktoba, saura 'yan makonni a jefa ƙuri'a. Aka yi zaɓe cikin Nuwamba, Soludo ya ci. Mai karatu ya duba taswira ya ga nisan da ke tsakanin Anambara da Birnin Kudu, sa'an nan ya tambayi kansa abin da ya kai wannan ƙara can.

Yadda A Ke Samun Ƙofa

Abu biyu ne su ke buɗe wa mai yawo da ƙara ƙofa. Na farko yawan kotuna masu daraja ɗaya. Kowace jiha cikin jihohi 36 tana da Babbar Kotunta, Birnin Tarayya Abuja yana da tasa, ga kuma Babbar Kotun Tarayya mai rassa a jihohi, wadda aka kafa a 1973 don shari'o'in kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya, aka sauya mata suna a 1979. Tsarin Mulki na 1999 ya raba musu aiki, sashe na 251 ya jera abin da ke hannun ta Tarayya, sashe na 272 ya bar wa na jihohi hurumi mai faɗi. Amma rigima guda ta kan taɓa nan ta taɓa can, lauya mai wayo kuwa ya san yadda zai rubuta ta ta dace da ƙofar da ya ke so ya shiga.

Na biyu shi ne odar da a ke bayarwa a bayan idon wanda aka yi ƙara. Asalinta alheri ne. In mutum ya zo da gudu ya ce gobe da asuba za a rushe masa gida, ba hali a jira a kai sammaci, sai alƙali ya ce a tsaya tukuna, na 'yan kwanaki, har a kirawo ɗaya ɓangaren. Tun 1989, cikin shari'ar Kotoye da Babban Bankin Nijeriya, Kotun Ƙoli ta yi gargaɗi cewa ba a ba da irin wannan oda sai in akwai gaggawa ta haƙiƙa. Wahalar ita ce a wannan zama lauya guda ne ke magana. Babu mai ce masa ba haka aka yi ba. In ya ɓoye cewa wata kotu ta riga ta taɓa maganar, alƙali zai yi aiki da abin da ya ji. Don haka nauyin faɗin gaskiya ya fi hawa kan lauya a wannan wuri bisa ga ko'ina.

Ba kuwa za a ce dokar ƙasar nan ba ta san wannan laifi ba. A 1992, cikin shari'ar Saraki da Kotoye, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa shigar da ƙara fiye da ɗaya a kan magana guda, tsakanin mutane guda, wasa ne da hanyoyin shari'a, kotu kuwa tana da iko ta kore ta. Lauyan da ya ce bai san wannan hukunci ba, a bincika yadda aka yi ya ci jarrabawa.

Ba Yau Farau Ba

Dattawa ba su manta da 1993 ba. Ran 10 ga Yuni, saura kwana biyu zaɓen Shugaban Ƙasa, Mai Shari'a Bassey Ikpeme ta Babbar Kotun Abuja ta ba da oda kada a yi zaɓen, bisa roƙon ƙungiyar da Arthur Nzeribe ke ja. Hukumar Zaɓe ta dogara ga dokar soja wadda ta hana kotu tsai da zaɓe, aka yi shi ran 12 ga wata. Bayan nan kotun Abuja ta ce a daina faɗin sakamako, kotu a Ikko da waɗansu garuruwa kuma suka ce tilas a faɗa. Ran 23 ga Yuni gwamnatin soja ta soke zaɓen ɗungum, cikin dalilan da ta bayar har da wannan karo da odojin kotuna su ke yi da juna. Ko mutum ya yarda da dalilin ko bai yarda ba, ya ga dai wanda ya miƙa wa soja sandar. Abin da ya biyo baya kowa ya sani, ƙasa ba ta koma hannun farar hula sosai ba sai 1999.

Horon Da Ya Faɗa Wa Alƙalai

Mu koma 2021. Ran 30 ga Agusta Babban Jojin Nijeriya na lokacin, Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, ya aika a kirawo Manyan Joji na jihohi shida, Ribas da Kebbi da Kuros Riba da Anambara da Jigawa da Imo, su zo Abuja su yi bayani. Cikin Disamba Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda ke da ikon horon alƙalai, ta faɗi hukuncinta a kan alƙalan nan uku na maganar Secondus. Mai Shari'a Okogbule Gbasam na Ribas da Mai Shari'a Nusirat Umar ta Kebbi aka hana su ƙarin girma zuwa kotu ta gaba shekara biyu-biyu, Mai Shari'a Edem Kooffreh na Kuros Riba kuwa shekara biyar. Waɗansu suka ce horon ya yi sauƙi. Amma dai an yi shi cikin wata huɗu, an kuma faɗi sunaye kowa ya ji.

Aka ƙara da gyare-gyare. Dokar Zaɓe ta 2022 ta mai da ƙararrakin zaɓen fid da gwani hannun Babbar Kotun Tarayya, don a rage ƙofofi. Cikin Mayu na shekarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta fito da umurni cewa maganar da wata kotu ta riga ta yanke, kada takwararta ta sake karɓa, wanda bai gamsu ba ya yi afil.

Duk da haka ciwon bai warke ba, mutanen Kano shaida ne. Tsakanin 23 da 28 ga Mayu, 2024, bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun da aka ƙirƙira a 2019, odoji suka yi ta fitowa daga Babbar Kotun Tarayya da ke Kano da kuma Babbar Kotun Jihar, wannan ta ce a fitar da wane daga gida, waccan ta ce kada a taɓa shi. Ran 29 ga wata Babban Joji Olukayode Ariwoola ya kira shugabannin kotunan biyu. Cikin Janairu 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce maganar sarauta ba hurumin Babbar Kotun Tarayya ba ce, daga nan aka nufi Kotun Ƙoli. Ba mu shiga maganar wanda ke da gaskiya a sarautar ba, wannan aikin kotu ne. Abin da mu ke tunawa shi ne kwanakin da birni ya yi cikin zullumi, ga jami'an tsaro a tituna, kowane ɓangare riƙe da takarda mai hatimin kotu.

Abin Da Doka Ta Tanadar Wa Lauya

Lauya ba ɗan kasuwa ba ne kawai mai sayar da bakinsa. Ranar da aka rantsar da shi a kan rubuta sunansa cikin babban littafin lauyoyi da ke ajiye a Kotun Ƙoli, daga ranar ya zama ma'aikacin kotu. Ƙa'idodin aikin lauya, waɗanda aka yi a 2007 aka sabunta a 2023, sun hana shi shigar da ƙarar da ya san ba ta da amfani sai muzguna wa wani, sun hana shi yin abin da zai kawo wa shari'a cikas ko jinkiri, sun kuma wajabta masa gaskiya a gaban alƙali. In buƙatar wanda ya ɗauke shi ta ci karo da waɗannan, ƙa'ida ita ce gaba.

Mai horonsa kuwa shi ne Kwamitin Horon Lauyoyi, wanda ke ƙarƙashin Majalisar Dattawan Lauyoyi bisa ga Dokar Lauyoyi ta 1975. In Kwamiti ya sami lauya da abin kunya cikin aikinsa yana da iko ya yi masa gargaɗi, ko ya dakatar da shi zuwa wani lokaci, ko ya sa a goge sunansa daga littafi, watau an raba shi da sana'ar ke nan. Bayan rikicin 2021 Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya, a ƙarƙashin shugabanta na lokacin Olumide Akpata, ta yi bincike, ta kuma ba da sanarwa cewa za ta kai ƙarar lauyoyi bakwai gaban Kwamitin, har da mai riƙe da muƙamin Babban Lauya na SAN. Wannan abin yabo ne, gama ba banza ba ne ƙungiya ta kai 'ya'yanta da hannunta.

Amma hanyar tana da tsawo. Sai an rubuta takardar koke, a duba ko akwai abin kamawa, a ba lauya dama ya kare kansa, a saurari shaidu, in an yanke kuma yana da damar afil. Haka ya kamata, don ba a raba mutum da abincinsa da ka. Sai dai ɓarnar odar bayan ido cikin kwana ɗaya ta ke aukuwa. Kafin a gama shari'ar lauya an yi zaɓen, an sayar da filin, an manta da maganar.

Abin da kotu ta fi yi nan take shi ne korar ƙara. Haka ta faru a rigimar kujerar Gwamnan Sakkwato, inda cikin Nuwamba 2010 Kotun Ƙoli ta kori afil ɗin Muhammadu Maigari Dingyaɗi da ke gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara a Sakkwato, don ta ga ana bin magana guda ta hanya biyu, ɗaya ta kotun zaɓe, ɗaya ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja. To, in an kori ƙara, wa ya yi hasara? Mai ƙara ne. Lauya ya riga ya karɓi ladansa.

Akwai ranar da Kotun Ƙoli ta nuna wata hanya. Ran 13 ga Fabrairu, 2020, ta soke zaɓen David Lyon na Jihar Bayelsa, ana gobe za a rantsar da shi. Aka dawo mata da roƙon ta sake duba hukuncinta. Ran 26 ga wata Mai Shari'a Amina Augie ta karanta hukunci, aka kori roƙon, aka kuma ce manyan lauyoyin nan biyu da suka kawo shi, Afe Babalola da Wole Olanipekun, kowannensu ya biya naira miliyan 30 daga aljihunsa. Wannan ba yawo kotu-kotu ba ne, komowa ne ga kotu guda da maganar da ta riga ta rufe, lauyoyin kuma sun ce aikinsu suka yi. Amma darasin ya fito fili, kotu tana da ikon ɗora tara a kan lauya shi kansa, ko da kuwa furfura ta cika masa kai.

Yadda Wata Ƙasa Ta Yi

Ba mu kaɗai wannan cuta ta dama ba, yana kuwa da kyau mu leƙa inda aka daɗe ana yaƙi da ita. Ƙasar Filifin, tsibiran nan na kudu maso gabashin Asiya, tana da kotuna da hukumomin shari'a masu yawa, lauyoyinta kuma sun shahara da yawo da ƙara har Kotun Ƙolinsu ta gaji. A 1991 ta fito da umurni ga manyan kotuna, a 1994 ta faɗaɗa shi zuwa ƙananan, a 1997 aka shigar da shi cikin dokokin ƙara.

Ga abin da suka shirya. Duk mai shigar da ƙara tilas ya haɗa da takardar rantsuwa, shi da kansa zai sa hannu. Zai rantse cewa bai kai wannan magana wata kotu ko wata hukuma ba. In akwai wata ƙara irinta a wani wuri, ya faɗi inda ta ke da inda ta kai. In kuma daga baya ya ji an shigar da irinta, yana da kwana biyar ya sanar da kotu. Wanda bai kawo takardar ba a kori ƙararsa, wanda ya yi rantsuwar ƙarya ya raina kotu. In kuwa ta tabbata da gangan aka yi yawo da ƙara, nan take a kore ta, kora wadda ba a dawowa, a kama mai ƙara ko lauyansa da raina kotu, sa'an nan a buɗe wa lauyan shari'ar horo. Ba a barinsa ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi cikin ƙararrakin, duka a ke kora.

Ba a takarda kaɗai abin ya tsaya ba. A lardin Abra wata tsohuwa ta yi ƙarar mai zaune cikin gidanta, kotun garin Bangued ta ce a fita a ba ta wurinta. Lauyan wadda aka kayar ya shiga jefa ƙara bayan ƙara da afil bayan afil, har guda shida, don dai kada a zartar da hukuncin. Ɗan tsohuwar ya kai kukansa, cikin Yuli 1995 Kotun Ƙoli ta dakatar da lauyan shekara guda. A 1998 ta dakatar da wani shekara biyu, ɗaya don yawo da ƙara, ɗaya don ƙaryar da ya yi wa kotu. A 2023 da suka sabunta ƙa'idodin lauyoyinsu sai suka sa yawo da ƙara da gangan cikin manyan laifuffuka, waɗanda horonsu ya kan kai dakatarwa fiye da wata shida, ko tara mai nauyi, ko kora daga aikin gaba ɗaya. Can Kotun Ƙoli ce da kanta ke yanke horon lauya, hukuncin kuma a kan buga shi da suna, ɗalibai su karanta a makaranta.

Ba mu ce cutar ta mutu a Filifin ba, da ta mutu da ba a ci gaba da horon lauyoyi a kanta. Amma lauyan can ya san tun kafin ya ɗauki alƙalami cewa lasisinsa ya ke jefawa a caca. Mu ma muna da irin wannan takarda. Dokokin ƙara na Babbar Kotun Tarayya na 2019 sun nemi a haɗa da rantsuwar cewa ba a maimaita ƙara ba, an kuma nanata haka cikin umurnin shari'o'in zaɓe na 2022. Bambancin yana ga abin da ke biyo bayan rantsuwar in ta zama ƙarya.

Uzurin Lauya

Adalci ne mu ji ta bakin lauyoyi. Su kan ce doka da kanta ta kan ba da zaɓi. In an ƙulla ciniki a Kano, aka ce za a sauke kaya a Ikko, wanda aka cuta yana iya samun kotu fiye da ɗaya mai hurumi, lauyan da ya zaɓi wadda ta fi sauri ko ta fi kusa bai yi laifi ba. Gaskiya ne. Su kan ce kuma iyakar da ke tsakanin Kotun Tarayya da ta jiha ba kullum ta ke bayyane ba, har manyan alƙalai su kan saɓa a kanta. Wannan ma gaskiya ne. Sa'an nan su ce mai ƙara ya kan ɓoye wa lauyansa cewa ya ɗauki wani lauya a wani gari.

Don haka ba kowane kuskure ne abin horo ba, tilas a bambanta wanda ya yi tuntuɓe da wanda ya haƙa rami. Alamun mai haƙa rami kuwa ba su ɓuya. Ya san akwai wata ƙara ya yi shiru. Ya tsallake kotun da ke ƙofar gida ya tafi inda babu abin da ya haɗa rigimar da wurin. Ya nemi odar bayan ido alhali abokin shari'a sananne ne, an san gidansa da ofishinsa. Maganar da duk gidajen rediyo suka watsa jiya, lauya ba zai zo yau ya ce bai ji ba. Game da mai ƙara mai ɓoyo kuwa, aikin lauya ne ya tambaya, in ya gane an yaudare shi ya gaya wa kotu, ya janye.

Abin Da Muka Gāda

Mutanen ƙasar nan ba baƙi ba ne ga wannan ƙa'ida. Alƙalanmu na Shari'ar Musulunci sun daɗe suna karanta Tuhfa ta Ibn Asim, malamin Andalus wanda ya rasu a 1426, inda aka nuna cewa zance mafi shahara a mazhabar Malikiyya shi ne a yi shari'a a inda wanda aka yi ƙara ya ke. Malamai sun kuma tabbatar cewa alƙali ba ya warware hukuncin ɗan'uwansa don ra'ayinsa ya saɓa, sai in hukuncin ya saɓa wa nassi bayyananne ko ijma'i. Hikimar ita ce husuma ta sami ƙarshe. An kuma ruwaito daga Ummu Salama cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi cewa wani ya kan fi wani iya tsara hujja har a yanke masa abin da ba nasa ba, wanda kuwa ya karɓi haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya yankin wuta aka yanka masa. Wanda iya tsara hujja ita ce sana'arsa, shi ya fi kowa cancantar ya tsaya ya yi tunani a nan.

Kada kuma a zaci manyan 'yan siyasa kaɗai abin ya shafa. Su suna da kuɗin biyan lauya goma. A ce matar da mijinta ya rasu ta yi shekara uku tana zirga-zirga a kan gonar marayunta, ta sayar da akuyoyinta ta biya kuɗin mota da na lauya, Allah ya ba ta nasara. Ba ta gama hamdala ba sai ga sabon sammaci daga wata kotu a wani gari, gona dai ita ce, mutum dai shi ne, sunan ƙanensa kawai aka sa a takarda. Mai yin haka ya san ba shi da gaskiya, so ya ke ta gaji ta bari. Sau da yawa kuwa ta kan gaji. Bayan haka kowace ƙarar bogi tana cin ranar da alƙali zai saurari wanda ke tsare a kurkuku yana jiran shari'a.

Shawara

Ga abin da mu ke ganin zai taimaka, ba kuwa sai an yi wata doguwar doka ba. Na farko, rantsuwar rashin maimaita ƙara ta zama tilas a dukan manyan kotuna, na Tarayya da na jihohi, mai ƙara ya sa hannu, lauya ma ya sa nasa. Na biyu, alƙalin da ya gano an yi yawo da ƙara da gangan kada ya tsaya ga kora kaɗai, ya ɗora kuɗin ɓata lokaci a kan lauya, ya kuma aika da takardun ga Kwamitin Horon Lauyoyi da kansa, ba sai wanda aka cuta ya nemo kuɗin sabuwar shari'a ba. Na uku, a yanka wa irin waɗannan koke-koke wa'adi, a gama su cikin watanni kamar yadda aka gama na alƙalai a 2021, a buga sakamako a jarida, wanda aka wanke a faɗa, wanda aka hora a faɗa. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Na huɗu, yanzu da a ke da kwamfuta, a haɗa rajistar manyan kotuna wuri guda, yadda magatakarda a Kalaba zai ga abin da aka shigar a Birnin Kebbi kafin ya buga hatimi. Na biyar, muƙami kada ya zama garkuwa. Yaron da ya fito makarantar lauyoyi bana yana kallon manyansa, abin da ya ga ya kai su ga arziki shi zai koya.

Akasarin lauyoyin ƙasar nan mutanen kirki ne masu neman halalinsu, su ne kuma su ke shan kunya sa'ad da jama'a ke yi wa kotu dariya. Horon 'yan kaɗan da su ke ɓata sana'ar kāriya ce gare su. Ranar da talaka ya sakankance cewa kowane hukunci akwai kishiyarsa a wata kotu in dai akwai kuɗi, ya daina kai ƙara ke nan, abin da zai ɗauka maimakon sammaci kuwa ba mai so ya gani. Muna roƙon shugabannin shari'a da na Ƙungiyar Lauyoyi su dubi wannan magana tun kafin wata kakar zaɓe ta zo da nata odojin. Allah ya ba alƙalanmu da lauyoyinmu ikon riƙe amana, amin.